Rijiyar Tashar Garo

Mijinyawa yana can ƙasan rijiya yana cika kwando da jar laka, sai ya ji igiya ta tsaya. Ya jijjiga ta sau biyu kamar yadda suka saba, ba a ja ba. Da ya ɗaga kai ya hango ƙanensa Jalo ya leƙo daga baki, bai ja ba kuma bai tafi ba.

"Yaya, Bappa Haladu ya aiko. Jibi za su tashi."

Mijinyawa ya yi kamar bai ji ba. Wannan ita ce ɗaya daga cikin fa'idodin zama a rijiya mai gaba goma sha ɗaya, mutum yana iya zaɓen abin da zai ji. Ya ƙara danna laka a kwandon da ya riga ya cika. Amma Jalo ba ya maimaita magana, tsayawa yake yi ya jira, kuma a jira babu wanda ya taɓa kayar da shi a duk Garo. Dole Mijinyawa ya kama ramukan da suka sassaƙa a jikin bango ya hauro.

Bappa Haladu ƙanen mahaifinsu ne, shi ne babban da ya rage wa zuri'ar. Tun bara ya yanke shawarar kwashe dangi da shanu a haye kogin Challawa a nausa kudu, inda wani dagaci ya yi musu alkawarin wurin zama. Babu wanda ya ga laifinsa. Tun da gyada ta yi daraja, ƙasar Kabo da Gwarzo ta zama gona guda ɗaya. Makiyaya ta tafi, saura ta tafi, burtalin da a da garke uku ke wucewa a jere ya tsuke har saniya biyu ba sa iya gittawa. Abin mamaki, rani ya fi damina sauƙi yanzu, don da rani ko kara a samu. Da damina kuwa ko'ina shuka ce, sai a ɗaure shanu a turke suna kallon kore suna rama. Daminar bara Jalo ya rasa shida, kuma waɗanda suka rage ana iya ganin haƙarƙarinsu daga bakin hanya.

Abu ɗaya ya hana Jalo bin Bappa tun farko, shi ne wannan ramin da yake tsaye a bakinsa.

Mijinyawa ya yi shekara goma sha bakwai yana aikin reluwe a tashar Challawa. Aikinsa shayar da jirgi: in kan jirgi ya tsaya yana huci, shi ne zai juyo bututun tanki ya sakar masa ruwa har ya ƙoshi. A can ya koyi abin da ya ɗauka a matsayin babban ilmin duniya, wato jirgin ƙasa dabba ce mai ƙishirwa, kuma inda ruwa yake nan yake tsayawa. Inda ya tsaya kuwa sai a yi tasha, a shata mata fili mai faɗi wanda ko dagaci bai isa ya sa fartanya a ciki ba. Ya gani da idonsa yadda rarar ruwan tanki ke malala ta sa ciyawa ta yi kore shar har a tsakiyar bazara, shanu na kiwo babu mai cewa tak, mata na sayar da nono ga leburori.

To, shekara uku da suka wuce wani Bature safiyo ya zo da mutanensa suna kafa turakun siminti, daga wajen Kano, ta Garo, ta Madadi, har Gwarzo. Aka ce sabon dogo za a shimfiɗa na ɗaukar gyada, don dalar buhunan da ke Kano ta fi ƙarfin layin da ake da shi. Turke ɗaya ya faɗo a tsakiyar saurar da mahaifinsu ya bar musu. Mijinyawa ya zo ya ga turken, ya koma Challawa ya ajiye aiki, ya dawo da diga da shebur. Lissafinsa mai sauƙi ne. Tsakanin Kano da Gwarzo dole jirgi ya sha ruwa sau ɗaya, kuma in injiniyoyi suka zo suka tarar da rijiya a haƙe, mai faɗin ɗaki, irin ta tasha, ba za su wahalar da kansu neman wata ba. Rani uku ke nan yana ciki, Jalo na sama yana ja. Sun tadda ruwa tun bara, amma Mijinyawa ya ce wannan na mutane ne, na jirgi yana gaba.

Ya zauna a kan tarin laka yana mayar da numfashi. Ya gaya wa Jalo cewa Lukuman, wani yaro da ya sani a reluwe, ya iso Kabo jiya a kan hanyarsa ta zuwa gida Gwarzo hutu, kuma Lukuman a cikin kan jirgi yake aiki, yana shiga ofisoshin Kano, ba zai rasa sanin ranar da za a fara aiki ba. Jalo ya ce bara ma haka aka ce. Mijinyawa ya ce bara jita-jita ce, bana kuwa daga bakin mai ita za a ji.

"Kada ka ba Bappa amsa sai na dawo daga Kabo. Ka jira ni."

Jalo ya dube shi. "Cewa ka yi in jira, Yaya?"

"Na ce ka jira."

"To."

Tun suna yara Jalo bai taɓa tsallake maganar yayansa ba, kuma Mijinyawa ya san da haka sarai lokacin da ya faɗe ta. Ya ɗan ji kunyar kansa, amma ba ta kai ta hana shi wanka ba. Matarsa Furera ta miƙo masa ɗumame tana cewa ita dai an ɗaura mata aure da ma'aikacin reluwe, ba ta san yadda aka yi ta wayi gari da gafiya ba. Ya ce ta bari ta ga ranar da za ta riƙa sayar da fura a gindin tanki. Ya zura rigarsa ta kasuwa, ya hau tsohon kekensa ya kama hanya.

A Kabo akwai wata rumfa kusa da masu sikelin gyada, ta Malam Dalhatu tela. Mutanen kasuwa suna kiran masu zama a wurin 'yan reluwe, kuma ba don girmamawa ba. Shi Dalhatu sau ɗaya tak ya taɓa ganin jirgi, ranar da ya je Kano sayen keken ɗinkinsa, bai ma shiga ba. Amma ya haddace sunayen tashoshi daga Kano har Ikko, yana jero su ba tuntuɓe, kuma in ka tsallake ɗaya zai ajiye almakashi ya gyara maka. Ya'u mai sikeli kuwa gwanin kwaikwayon usur ne, yana iya bambanta maka kukan jirgin kaya da na fasinja da bakinsa. Shekara uku suna gardama a kan ta wane gefen kasuwa dogon zai bi. Mijinyawa ne alƙalinsu, don shi kaɗai ya taɓa taɓa jirgi da hannunsa.

Yau kam an ƙwace masa kujerar. Lukuman na zaune a kan benci, an kewaye shi. Mijinyawa ya san shi tun yana mai zuba kwal, lokacin da in ya sauko daga kan jirgi idanu da haƙora kaɗai ake gani. Ga shi yanzu cikin farin wando, farin gaske, faratansa tas. Ya miƙe ya durƙusa ya gaida Mijinyawa, aka yi ta gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya mutanen Challawa, ya gajiyar hanya. Dalhatu ya kasa haƙuri har a ƙare, ya ce a bar gaisuwa haka nan, Lukuman ya maimaita wa Malam Mijinyawa abin da ya faɗa musu.

Lukuman ya maimaita. An kawo sababbin kawunan jirgi daga Ingila, kuma an ɗauke shi daga shebur an mai da shi mataimakin direba a ɗaya daga cikinsu. Jirgin lantarki ake ce masa. Mai yake sha, ya haɗa wutarsa a cikin cikinsa, wutar ta juya ƙafafu. Babu kwal, babu toka, babu hayaƙin da ke cika ido. Direba na zaune a kujera kamar akawu. Yana jan taragun gyada da tsofaffin kawuna biyu ba za su ja ba, kuma a hawan da tsofaffin ke nishi shi ko a jikinsa. Ya ce in aka ci gaba a haka, dalar gyadar Kano ba za ta ƙara kwana biyu a tsaye ba.

Ya'u ya roƙe shi ya yi musu kukansa. Lukuman ya yi wani dogon ƙugi mai kauri, Ya'u ya gwada ya kasa, aka fashe da dariya. Mijinyawa ma ya yi dariya. Gaskiya abin ya burge shi, yana son jirgi kamar yadda Jalo ke son saniya, kuma ya ji daɗi a ransa cewa ya rayu ya ji wannan labari.

Dalhatu yana taka keke yana jero hanya don ya nuna shi ma ba baya ba. "Kun tashi Kano, sai Challawa, ku tsaya…"

"A'a, Malam. Ba ma tsayawa Challawa sai in akwai wanda za mu ba hanya. Wucewa muke," in ji Lukuman.

Mijinyawa ya gyara zama. Ya yi tambayar a hankali, irin ta ma'aikaci da ma'aikaci. "To a ina kuke shan ruwa?"

"Ai Baba, ba ya shan ruwa."

"Ina nufin tsakanin Kano da Zariya."

"Ko'ina. Ɗan abin da ake zuba masa a shedi, can ma'ajiyar jirage, na sanyaya inji shi ke nan. Ruwan da muke ɗauka a hanya na butar alwalar direba ne."

Ya'u ya tuntsire, yana ta nanata butar alwala, yana dukan cinya. Sai da ya ji keken Dalhatu ya tsaya cak sannan ya dubi fuskar Mijinyawa, dariyar ta maƙale masa. Duk rumfar sun san rijiyar. Sun sha zuwa Garo ganinta, Dalhatu ma ya taɓa auna faɗinta da magwajin ɗinki. Lukuman kaɗai bai sani ba, yana ta waige-waige yana neman abin da ya faɗa ba daidai ba.

Dalhatu ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya ce ai sabon dogon nan na Gwarzo ƙila tsofaffin kawunan za a turo masa, tunda dai ba jefar da su za a yi ba. Lukuman yaron kirki ne, amma bai iya ƙarya ba, kuma bai gane ana roƙonsa ya yi ta ba. Ya ce shi dai abin da yake ji a ofis maganar dogon Barno ce, can aka mai da hankali. Na yamma kuwa ya ga zanensa a jikin bango, an ja shi da fensir. Wani akawu ya gaya masa ko da an yi shi na kaya ne zalla, a loda a Gwarzo a sauke a Kano, babu tasha a tsakani, don sabon jirgi ba shi da dalilin tsayawa. Ya ƙara da cewa a Challawa ma tankin yanzu sai a yi yini ba a juya bututunsa sau biyu ba, ciyawar gindinsa ta fara bushewa.

Can gefe ana ta jefa buhu a sikeli.

Mijinyawa ya tambayi Lukuman launin jirgin, ya ce kore ne. Ya tambaye shi ƙafafu nawa, ya gaya masa. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, Allah ya sa albarka a aiki. Ya yi haka ne don kada yaron ya tafi gida da nauyin abin da ba shi ya jawo ba. Sannan ya miƙe ya ce zai koma, Dalhatu ya biyo shi har wurin keke yana cewa rijiya ai ba ta zama asara, ruwa ne. Mijinyawa ya ce haka ne. Bai tsaya ya gaya masa cewa shanun Jalo ba ƙishirwa ke kashe su ba.

A hanya baƙin ciki ya zo, amma kunya ta fi shi yawa. Rani uku ya tsayar da mutum a bakin rami yana jan laka, mutumin da ko sau ɗaya bai ce ya gaji ba. Ya ajiye aikin da ake masa gaisuwa saboda shi. Ya yi wa Bappa Haladu musu a gaban yara. Duk wannan a kan ilmin da ya yi shekara goma sha bakwai yana tarawa, ga shi an shafe shi da farin wando.

Sai kuma ya tuna jibi aka ce, ba yau ba. Akwai sauran kwana biyu. Zai je ya sami Jalo ya ce masa ya ɗaure kaya ya bi Bappa. Zai je da kansa ya durƙusa wa tsohon ya ce ya yi kuskure. In ta kama ma shi da Furera su bi su, ai bai manta yadda ake kora ba. Ya ƙara ƙarfin taka keke, har yana tsara kalmomin da zai fara da su.

Bai lura da gabas ba sai da iska ta buge shi. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, na farko a bana, kuma ba irin mai wasa ba ne. Kafin ya yi rabin hanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Laka ta cushe ƙafafun keken, ya sauka yana turawa. Ya wuce manoma a bakin zaurukansu suna murna, wasu har sun fito da sungumi da ƙoƙon iri suna dubawa, don gobe da asuba kowa zai fita shuka. Da ya iso inda hanya ta ratsa burtali ya tsaya. Ƙasar a tattake take da sawun kofato masu yawa, da na jakuna, da na mutane, duk sun fuskanci kudu, ruwa na cika su.

Ya jefar da keken a nan ya ƙarasa da gudu, gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Rugar Bappa Haladu babu kowa. An yaye tabarmin bukkoki, sai tsirarun sanduna da duwatsun murhu.

Furera ce ta tare shi a ƙofar gida, ta lulluɓa da buhu. Ba ta yi masa tsiya ba, wannan ya fi tsorata shi. Ta ce tun hantsi Bappa ya dubi sama ya ce ba za a kai jibi ba, in wannan ruwa ya sauka Challawa za ta kawo, kuma gobe shuka za ta rufe hanya. Nan take aka ɗaure kaya. Sau uku tsohon yana zuwa da ƙafarsa wurin Jalo, na ukun har da hawaye, Jalo yana ba shi amsa ɗaya, cewa Yaya ya ce ya jira. Da suka ga ba zai motsa ba, sai Jalo ya kwance takarkarinsa ya ba Yelwa, matar ɗan Bappa da ya rasu, don ba ta da abin ɗora kayan marayunta.

Ya sami Jalo a bayan gida, tsugune ƙarƙashin rumfar kara, yana kallon shanunsa. Sun juya wa iska baya, kawunansu a ƙasa, ruwa na bin ƙasusuwansu. Jalo ya matsa masa wuri, ya yi masa sannu da hanya, ya tambaye shi ya ya baro mutanen Kabo.

Mijinyawa bai zauna ba. Ya ce su tashi yanzu su bi sawu, in suka yi sauri za su cim musu. Jalo ya girgiza kai. Ya ce su Bappa sun haye tun kafin la'asar, yanzu kuwa kogi ya riga ya ɗauko, kuma waɗannan shanun ko rafin bayan gari ba za su iya da shi ba a wannan laka. Kafin ruwan ya janye an gama shuka daga nan har Zariya. Ya faɗi haka ba tare da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin wani.

"Ba kome, Yaya. Ai ga ni na jira. Me Lukuman ya ce? Yaushe za su fara?"

Mijinyawa ya ji ƙarya ta zo masa har baki, mai sauƙi, wadda za ta kai su kaka. Ya haɗiye ta. Ya tsuguna a cikin laka kusa da ƙanensa.

"Jalo, sun yi sabon jirgi. Ba ya shan ruwa."

Jalo ya juyo ya dube shi. "Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ba zai tsaya a nan ba. Ni na tsare ka a banza."

Ya so Jalo ya zage shi, ko ya tashi ya bar masa wurin. Bai yi ko ɗaya ba. Ya mayar da idonsa kan garken, yana bin su ɗaya bayan ɗaya a hankali, ya daɗe a kan wata farar tsohuwa da ke rawar sanyi, wadda uwarta ta fito daga shanun mahaifinsu. Mijinyawa ya gane abin da yake dubawa, ya kawar da kai.

Ruwan ya fara tsagaitawa. Daga cikin gari ana jin yara na ihun murna, ladan yana gyaran murya don magariba. Jalo ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki igiyar ɗaure maruƙa.

"Yaya, in ka je masallaci ka ce wa Sarkin Pawa ya leƙo da safe," in ji shi. "Ya zo da wuri, kafin farar nan ta kwanta."